CIWON SUKARI: WANDA YA RAGE TUWO YA DUBA MAGANI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya jarrabi bayinSa da cuta kuma Ya buɗe musu ƙofar neman magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, wataƙila wasu daga cikinku za su yi mamakin ganin mun ajiye babin da muka saba karantawa mun ɗauko maganar tuwo da ƙwayar magani. Dalili kuwa shi ne wani abu da ya faru a gaban idonmu. Kwanakin baya wani dattijo daga cikin 'yan uwanmu, wanda ba a raba shi da sahun farko, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar sallar La'asar. Ko da aka sallame sai aka tarar gumi ya jiƙa shi sharkaf, jikinsa na ɓari, yana magana ba kan gado, har ya ture wanda ya zo tallafarsa. Nan take wasu suka ce iska ce, aka kewaye shi aka fara ruƙiyya. Allah cikin ikonSa Ya sa akwai wani ma'aikacin jinya a cikin jama'a. Ya tambayi ɗan dattijon ko mahaifinsa na shan wani magani, da ya ji amsa sai ya aika aka sayo lemon kwalba, ya zaunar da shi, ya riƙa ba shi kurɓi-kurɓi tun da yana iya haɗiya. Ba a yi minti ashirin ba dattijo ya dawo hayyacinsa yana tambayar abin da ya tara mutane a kansa.

Da muka je gaishe shi washegari sai muka ji asalin labarin. Shekara bakwai ke nan yana shan ƙwayar ciwon sukari safe da yamma. Sai wani saƙon murya ya iso wayarsa, ana cewa duk wanda ya bar tuwo da shinkafa da burodi ya rabu da ciwon. Ya bar su rana ɗaya, ya koma ƙwai da kifi da kwaɗon zogale, amma ya ci gaba da shan ƙwayarsa yadda aka rubuta masa tun lokacin da yake tashi da malmala uku.

Lalle ne mu fahimci inda kuskuren yake, domin idan muka ɗora laifin a kan rage tuwon, mun zalunci gaskiya. Rage abinci mai sitaci hanya ce da likitoci suka yarda da ita. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta bayyana a rahotonta na shekarar 2019 cewa, a cikin dabarun abinci, rage yawan sitaci da sukari shi ne ya fi samun hujjoji wajen saukar da sukarin jini. Abin da ya kayar da ɗan uwanmu shi ne ya taɓa gefe ɗaya na sikeli ya bar ɗaya gefen yadda yake.

Bayanin haka shi ne, duk abin da muke ci na daga hatsi da saiwa, wato gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, doya, rogo, dankali, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya zama sukari ya shiga jini. Allah (SWT) Ya halicci wata gaɓa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, tana fitar da wani sinadari mai suna insulin, shi ne yake buɗe wa wannan sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da hanta. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda galibi yake kama yara da matasa, jikinsa ya daina yin insulin ɗin. Mai nau'i na biyu kuwa, wanda shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, yana yin sa, amma jiki ba ya jin kiransa yadda ya kamata, kuma yana raguwa da tafiyar shekaru. To likita idan zai rubuta magani, yana auna shi ne da abincin da mutum yake ci a lokacin. Idan abincin ya ragu da rabi ko fiye, magani kuwa bai ragu ba, sai ya ci gaba da kwashe sukarin da ke cikin jini har ya kai ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take aiki da shi. Abin da muka gani a masallaci ke nan. Hawan sukari yakan ɗauki shekaru yana ɓarna a ido da ƙoda da ƙafa, amma faɗuwarsa tana iya kashe mutum tsakanin Azahar da Magariba.

Sa'annan magungunan ba ɗaya suke ba, kuma wajibi ne ga kowane mai ciwon ya san sunan abin da yake haɗiya. Bai isa ba mutum ya ce "'yar farar nan ƙarama". Akwai metfomin, wanda aka fi sani da Glucophage. Aikinsa shi ne rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini, kuma idan shi kaɗai ake sha da wuya ya kayar da sukari ƙasa da ƙima. Akwai kuma dangin da suke matsa wa fankiriyas ta fitar da insulin, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, irin su Daonil, da Amaryl, da Diamicron. A nan haɗarin yake. Na farkon, wanda sunansa na asali gilibenkilamid, shi ne dattijonmu yake sha, kuma ya yaɗu a wurinmu saboda araharsa. Yana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, ta yadda mutum zai iya farfaɗowa bayan an ba shi sukari, sa'annan ya sake faɗuwa cikin dare. Wannan ya sa aka kai ɗan uwanmu asibiti duk da ya miƙe da ƙafafunsa. Akwai kuma ƙwayoyin da ake haɗa magani biyu a cikin guda, mutum yana zaton metfomin kawai yake sha alhali akwai na biyun a ciki.

Masu allurar insulin su ma suna cikin wannan hukunci, bal ma sun fi. Wanda yake yin allurar da aka gauraya mai saurin aiki da mai jinkiri, irin Mixtard, an gina ma'auninsa ne a kan cewa zai ci abinci mai sitaci a kan lokaci. Shi ya sa likita, idan ya san mutum zai rage sitaci sosai, yakan rage insulin ko waɗancan ƙwayoyi tun ranar farko, wani lokaci da rabi, wani lokaci ma ya tsayar da ƙwayar gaba ɗaya, sa'annan ya ci gaba da gyara bisa ga sakamakon gwaji. Ba za mu faɗi ma'auni a nan ba, domin ba fanninmu ba ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Amma muna gargaɗi da babbar murya: mai nau'i na ɗaya ba ya barin insulin ko da bai ci ƙwayar hatsi ɗaya ba. Idan ya bari, jini yakan yi tsami saboda taruwar wani abu da ake kira kiton, kuma wannan hanyar kushewa ce cikin 'yan kwanaki.

Akwai dangi na ƙarshe da ya kamata a ambata, wato sababbin ƙwayoyin da suke fitar da sukari ta fitsari, irin su Forxiga da Jardiance. Suna da amfani ga zuciya da ƙoda, amma idan aka haɗa su da tsananin ƙaurace wa sitaci suna iya jawo wannan tsamin jinin alhali na'urar gwaji tana nuna sukari bai hau sosai ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan tsamin jini ga masu shan su tun shekarar 2015. Mai shan irinsu idan ya ji amai, da ciwon ciki, da kasala mai tsanani, da numfashi mai zurfi, to asibiti zai nufa, kada lambar na'ura ta ruɗe shi. Hatta maganin hawan jini yakan buƙaci dubawa, domin jini yakan sauka idan an rage sitaci kuma ƙiba ta ragu, sai mutum ya riƙa jin jiri idan ya miƙe daga sujada.

'Yan uwa, kada wani ya zaci ƙayyade abinci ga marar lafiya baƙon abu ne a addininmu. Malamanmu suna kiransa himya, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi masa fasali a cikin Zadul Ma'ad. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ummul Munziri cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga gidanta tare da Sayyidina Aliyu (RA), wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba, akwai kuma zangarniyar dabino a rataye. Manzon Allah ya ci, amma ya hana Aliyu ci saboda halin da yake ciki. Da ta dafa sha'ir da wani ganye ta kawo, sai ya umarce shi ya ci wannan, domin shi ya fi dacewa da shi. Ku duba da kyau. Dabino ne, abincin gidan Annabi, ga shi kuma Annabi da kansa yana ci, amma ya hana wanda zai cutu da shi. Ina wannan fiƙihu yake ga mai cewa tun da dabino Sunna ne, mai ciwon sukari ya ci iya cinsa? Ƙwayar dabino ƙarama tana da kimanin giram 5 zuwa 6 na sukari, manyan nan masu laushi kuwa ɗaya takan kai giram 18.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Mun daɗe muna yaƙi da boka da ɗan tsibbu, kuma muna nan a kan haka. Amma ga shi yau a cikin gidanmu an sami masu shaguna da lasifika, suna sayar da zuma da garin habbatus sauda da wasu haɗe-haɗe da sunan maganin Musulunci, suna ce wa mai ciwon sukari ya jefar da maganin asibiti idan imaninsa ya cika. Mun yi imani da abin da Allah Ya faɗa game da zuma a aya ta 69 ta Suratun Nahli. Sai dai duk ɗalibin usulu ya san cewa kalmar waraka a ayar ta zo ne a matsayin nakira a cikin zance mai tabbatarwa, kuma irin wannan ba ya nuna gamewa ga kowace cuta da kowane mutum. Alƙurɗubi ya kawo wannan bayani a tafsirinsa. Haka kuma Ibnu Hajar ya naƙalto a Fathul Bari cewa Alhaɗɗabi ya ɗauki hadisin habbatus sauda a matsayin lafazi mai gamewa da ake nufin keɓantacce da shi. Zuma kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, babban cokali ɗaya yana da kimanin giram 17. Wanda ya bar tuwo ya koma shan zuma cokali uku da safe, ya sha kwatankwacin sukarin da ke cikin kofi guda na dafaffiyar shinkafa, har da ɗori.

Muna tunatar da masu wannan sana'a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin likitanci alhali ba a san shi da saninsa ba. Muna kuma tunatar da kawunanmu, mu masu hawa mumbari, ƙissar mutumin da aka ji wa rauni a ka a cikin tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokansa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce ba shi da shi, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya jingina kisan gare su, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan mutane ba mugunta suka nufa ba, kishin addini ne ba tare da sani ba. Tura saƙon waya da ke cewa a bar magani, ba tare da bincike ba, yana cikin wannan babi.

Tarihi ma ya isa shaida. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya siffanta wannan ciwo a littafinsa Alƙanun. A 1797 wani likitan sojan Birtaniya mai suna Jon Rolo ya wallafa yadda ya yi jinyar masu shi da abincin nama da kitse. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, babu abin da likitoci suke da shi sai hana sitaci da horon yunwa, kuma yaran da ke da nau'i na ɗaya mutuwa suke yi duk da haka, sai dai a ɗan jinkirta. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya rayu. Saboda haka mai cewa abinci kaɗai ya wadatar wa kowa, yana kiran mutane ne zuwa ga zamanin da aka riga aka gwada aka ga iyakarsa.

Ga mai nau'i na biyu kuwa akwai bushara, amma da sharaɗi. A wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a ƙarshen 2017, an sa mutane a kan abinci ƙanƙane ƙwarai na wasu watanni don su rage ƙiba. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, bayan shekara biyu adadin ya koma kashi 36. Abin lura shi ne ma'aikatan lafiya ne suka tsayar musu da magani kuma suka riƙa bibiyarsu, sa'annan masanan sun kira abin lafawa, domin ciwon yakan dawo idan ƙiba ta dawo.

To yaya mutum zai yi? Ya fara zuwa wurin likitansa kafin ya canza tukunya, ya tafi da kwalayen magungunansa duka, ya gaya masa abin da yake niyya. Ya nemi na'urar gwajin sukari, ko da iyali biyu ne za su yi karo-karo su saya, sai dai kowa da allurar tsira yatsarsa. Wasu na'urorin suna ƙidaya da milimol, wasu da miligiram, kuma ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 4.4 zuwa 7.2 kafin cin abinci, wato 80 zuwa 130, sa'annan ƙasa da 10, wato 180, awa biyu bayan ci. Duk abin da ya gaza 3.9, wato 70, faɗuwa ce. A makonnin farko ya yawaita gwaji, ya rubuta a littafi tare da abin da ya ci, domin da wannan littafi likita zai gyara magani. Mai tuƙa mota ko babur ko keke mai ƙafa uku, idan yana kan insulin ko dangin Daonil, ya gwada kafin ya kama hanya, domin rayukan da ya ɗauko amana ce.

A ganinmu, kuma wannan ra'ayi ne, yawancin gidajenmu ba sa buƙatar tsananin da ake yayatawa, wanda ake rage sitaci zuwa giram 20 ko 50 a yini. Wannan yana son nama da kifi da ƙwai kullum, talaka kuwa ba zai jure ba, zai yi mako biyu ya koma ruwa. Masana suna lissafa duk abin da ya gaza giram 130 a yini a matsayin rage sitaci. Wanda ya mayar da malmala uku ta koma ɗaya, ya cika kwanon da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe mai yawan ganye, ya riƙi zogale da rama da alayyafo da kabeji da yalo, ya sami awara da gyaɗa da kindirmo marar sukari da ɗan wake daidai gwargwado, ya bar lemon kwalba da maltina da shayi mai cokali huɗu, haƙiƙa ya yi tafiya mai nisa. Kuma a daina yaudarar kai da tuwon alkama da acca, a ce abincin masu sukari ne a ci har a ƙoshi, su ma sitaci ne. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro, da mai ciwon ƙoda, da tsohon da ya rame, waɗannan kada su shiga tsananin sai da idon likita. Muna kuma roƙon iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, tun da ludayi a hannunku yake, a sanar da ku sunan maganin maigida da lokacin shansa, ku ma idan ku ne masu ciwon kada kunya ta hana ku faɗi.

Idan faɗuwar ta zo, alamominta su ne gumi, ɓari, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ganin dishi-dishi, saurin fushi, da ruɗewar magana. Idan mutum yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, wato babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko na zuma, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi. A nan zuma take da gurbinta. A jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai hau ba a maimaita, idan ya hau ya ci abinci. Idan kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko zamzam, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ba mu hana addu'a ba, a yi ta a cikin mota.

Saura maganar azumi, wadda a nan ne abin ya fi tsananta. An yi bincike a ƙasashe 13 a kan Ramadan na shekarar 2001, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 12,000, aka ga cewa mummunar faɗuwar sukari ta ninku kimanin sau bakwai da rabi ga masu nau'i na biyu. Ku ƙiyasta wanda ya yi sahur da ƙwai da ganye kawai, ya haɗiyi cikakkiyar ƙwayarsa, ya shiga zafin rana. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Sharja a 2009 tare da likitoci, ta kasa masu ciwon gida huɗu, ta kuma yanke cewa waɗanda azumi ke jefawa cikin haɗari mai girma su sha. Tun a zamanta na Jidda a 1997 ta bayyana cewa allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi. Ƙa'idar likitoci ita ce mai azumi ya karya nan take idan sukari ya gaza 3.9, ko ya haura 16.6, wato 300, ko alamomin da muka ambata suka bayyana, ko da saura minti goma a kira sallah. Wannan ya dace da mazhabarmu, domin Muhtasar na Halilu ya wajabta shan azumi ga wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun riga sun buɗe ƙofar ramuwa da ciyarwa.

Likitoci suna son ganin mai niyyar azumi mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama, wato a cikin Rajab. Saboda haka muna kira ga shugabannin rassa su sa limamai su yi sanarwa tun farkon Rajab, su nemi ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su koya wa 'yan agaji gane alamomin faɗuwar sukari da amfani da na'urar gwaji, a kuma ajiye sukari mai ƙwaya a akwatin agaji na kowane masallaci. Dattijon namu an canza masa ƙwaya, an mayar masa da malmala ɗaya da rana, kuma ya ba mu izinin ba da labarinsa ba tare da ambaton suna ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.